Kafin guduma ta sauka: yadda ake gane tsofaffin kofunan waya

Wata ranar Alhamis ina dawowa daga kasuwar Dole a nan Damagaram, sai na ratsa ta wajen masu sayen tsofaffin ƙarafa. Wani yaro na tsugune da guduma, gabansa tarin ƙarafa masu lanƙwasa kamar ƙugiya, kowanne da dunƙulen koren gilashi a kansa. Yakan ɗora ɗaya bisa dutse, ya kai masa duka guda, gilashin ya tarwatse, ya wurga ƙarfen cikin buhun awo. Kafin in ƙaraso ya gama da huɗu. Na gaida maigidan wurin, na ce, "Alhaji, waɗannan da ake fasawa, a sayar mini da su yadda suke mana." Ya dube ni, ya dubi tarin, ya ce, "Malam, kwalba ce fa. Sikeli ba ya sayen kwalba." Na biya shi kuɗin ƙarfen har da ɗan ƙari, na koma gida da guda shida cikin buhun siminti.

Abin da yaron ke fasawa shi ne ma'aikatan kuran ke kira izolater, wato abin da ke riƙe waya a kan poto. Mu tun muna yara kofin waya muke ce masa, don idan ka kifa shi kamar kofi yake. Kakata tana da wani fari na tangaran da take danne bakin asabari da shi in iska ta taso, kuma ba wanda ya taɓa tambayar inda ya fito. A Amurka akwai mutanen da suka mai da tara irin waɗannan kofuna abin yinsu, har suka kafa ƙungiya ta ƙasa a 1973, suna baje koli, suna saye da sayarwa. Ni abin da ya ja ni daban ne. Kowane kofi yana ɗauke da labarin wanda ya yi shi, da irin wayar da ya riƙe, da zamanin da aka ɗora shi, kuma ana iya karanta labarin nan da ido da yatsa idan an san inda za a duba.

Sai an fara sanin aikinsa kafin a gane siffarsa. Wutar da ke cikin waya kullum hanyar sauka ƙasa take nema. Busasshen itace ba ya ba ta hanya sosai, amma da zarar ruwa ya jiƙa poto, sai ta riƙa zurarewa ta jikinsa. A poto ɗaya asarar ba ta taka kara ta karya ba. A layi mai poto dubu kuwa, kafin saƙo ya kai inda za shi ya mutu a hanya. Wannan matsala ta bayyana tun daga layin tangarahu da Samuel Morse ya buɗe a 1844 tsakanin Washington da Baltimore, tazarar kilomita 60 da 'yan kai. Maganinta shi ne a raba waya da poto da wani abu da wuta ba ta ratsawa, kuma ruwa ba ya shiga jikinsa. Gilashi da tangaran suka ci wannan gasa.

Daga wannan tangarahu muka gaji kalmomin da muke faɗa kullum: gidan waya, buga waya. Kuma Damagaram ba baƙuwa ba ce a labarin. Faransawa sun kama garin a 1899, ya zama hedikwatar mulkinsu a wannan yanki daga 1911 har 1926 da aka mai da ita Yamai. Garin da gwamna ke zaune ba ya rabuwa da waya, ta nan umarni ke zuwa, ta nan rahoto ke tafiya har Dakar. Kowane poto na waɗannan layuka da kofinsa. Wayar ta tafi tuni, poto ya faɗi ko an sare shi, amma gilashi ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, tsatsa ba ta kama shi. Sau da yawa shi kaɗai ne shaidar da ta rage.

Ɗauki kofi ɗaya ka duba. A sama ko a wuyansa akwai tsagi inda waya ke kwanciya, a ɗaure ta da wata siririyar waya. Daga nan jikinsa ya buɗe ya sauko kamar malafa. Idan ka juya shi, a wasu za ka ga wani zobe na biyu a ciki, da rami tsakaninsa da na waje. Duk wannan dabara ɗaya ce: a tsawaita hanyar da wuta za ta bi a kan fatar kofin kafin ta kai ƙarfen da ke riƙe da shi, kuma a tabbata wani sashe na hanyar ya zauna a bushe ko ana zabga ruwa, yadda malafa ke tsare fuska. Yawan zobban da faɗinsu na nuna ƙarfin wutar da aka yi kofin dominta. Na tarho ƙarami ne, bai wuce cikin tafin hannu ba. Na wutar gari ya fi faɗi da nauyi. Wani kamfanin Amurka mai suna Hemingray ma ya yi rajistar wata dabara ranar 2 ga Mayu 1893, ya jera ƙananan haƙora a bakin kofin don ruwa ya riƙa ɗiga da sauri.

A nan ƙasarmu abokin gabar kofi ba ruwa ba ne kaɗai. Ƙurar hunturu takan kwanta a kansa wata da watanni. Muddin tana bushe ba ta da illa sosai. Amma yayyafin farkon damina, wanda bai kai ya wanke ta ba, sai ya mai da ita siririn taɓo, shi kuwa taɓo wuta na bin sa. Ga kuma zanzaro, da ke samun ramin cikin kofi ya gina ɗakinsa na laka daidai wurin da aka so ya zauna fayau. Biyu daga cikin shidan da na saya da gidan zanzaro a ciki na same su.

Yanzu ga inda na fi so mai karatu ya tsaya. Yawancin mutane launi suke fara dubawa, alhali ramin gindi ya fi komai faɗin gaskiya. Kofunan farko ramin cikinsu sumul yake, a kafa su kan turken itace da kwalta ko tsumma. Zafi da sanyi da girgizar waya sukan sassauta su, su tuɓe su faɗi. A ranar 25 ga Yuli 1865 wani mutum a New York mai suna Louis Cauvet ya yi rajistar kofi mai murɗi a ciki, irin na noti, wanda ake murɗawa kan turke ya kama gam. A lokacin Sarki Tanimun ne ke kan gadon Damagaram. Kamfanin Brookfield ya karɓi dabarar, cikin 'yan shekaru ta mamaye Amurka. Saboda haka kofin Amurka mai rami sumul tsoho ne ƙwarai, kuma masu tarawa na rububinsa. Mai murɗi kuwa ramin yana da faɗi, kusan santimita biyu da rabi, murɗin manya-manya, don turken itace aka yi shi.

Turawan Ingila suka bi tasu hanyar. Sun fi son tangaran, fari ko mai ruwan madara, kuma tun 1877 suka rungumi samfurin Cordeaux, wanda ake murɗawa kan sandar ƙarfe, don haka raminsa ya fi na Amurka ƙanƙanta. Irinsu ne suka bi layin dogo a Najeriya, wanda ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930. Duk wanda ya san yadda kaya ke zirga-zirga tsakanin Kano da Damagaram ta Daura da Matamaye ba zai yi mamaki ba in ya tsinci ɗaya a nan.

Faransawa kuma yawanci ba murɗawa suke ba. Sukan zuba siminti ko farar ƙasar gini cikin ramin, su dasa ƙarfen a ciki ya daskare. Shi ya sa kofin Faransa kan zo da ƙugiyarsa manne, shi ya sa kuma yaron can ke buƙatar guduma. Idan ka ga layuka a cikin ramin irin wannan kofi, aikinsu riƙe siminti ne. A ganina wannan tsari ya dace da ƙasar da gara ke cinye turken itace cikin 'yan damuna, amma yana da nasa aibu. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake, sai ya matsa wa gilashin daga ciki har ya tsage. Idan ka ɗaga irin wannan kofi ka haska shi da rana, za ka ga tsagar ta taso daga ramin ta nufi waje. Wata alamar kofin Faransa ita ce kunnuwa: wasu suna da ƙululu biyu a gefen kai, kamar mutum ya buɗe hannuwa, a nan ake naɗe wayar ɗauri.

Bayan rami sai rubutu. A gilashi rubutun tasowa yake daga jiki, domin a cikin mazubin da ake zuba narkakken gilashin aka sassaƙa shi. Iskar rairayi takan goge shi har ya dushe. Kada a kankare. A shiga ɗaki mai duhu, a haska tocila daga gefe, inuwa za ta fito da baƙaƙen. Ko a ɗora farar takarda a goga fensir a kai a hankali. Da haka na karanta ISOREX a jikin uku daga cikin nawa. Wannan tambarin masana'antar Charbonneaux ne ta birnin Reims. Ɗaya kuma FOLEMBRAY, sunan wani ƙauye a arewacin Faransa inda wata masana'antar gilashi ta yi aiki. Duka biyun da yin kwalaben giyar shamfen suka yi suna kafin su shiga yin kofunan waya, kuma wannan ya bayyana mini abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, wato dalilin da ya sa kofunan Faransa ke da koren nan mai duhu irin na kwalba. Ashe Alhajin ƙarafa bai yi kuskure ba da ya ce kwalba ce. Sauran sunayen Faransa da za a iya cin karo da su akwai L'ELECTRO VERRE da EIV da SEDIVER, waɗanda suka fi na farkon ƙuruciya.

A tangaran kuwa ana danna hatimi ne tun yumɓun yana ɗanye, ko a buga da tawada kafin a shafa ruwan ƙyalli a gasa. Bullers da Taylor Tunnicliff na Ingila ne, daga yankin Staffordshire da ya shahara da tukwane. Haruffan GPO na nufin hukumar gidan waya ta Birtaniya ce ta yi odarsa. NGK na Japan ne. Da yawa kuma ba su da rubutu ko kaɗan, sai dai a kwatanta siffa.

Akwai tarkon da ke kama sabon shiga. Ya ga an rubuta 1893 a jikin kofin Hemingray, sai ya ɗauka shekarar da aka yi shi ke nan. Shekarar rajistar dabarar haƙoran nan ce, kuma an ci gaba da buga ta a jikin kofuna shekaru masu yawa bayan haka. Ainihin shekara, a kofunansu na baya-baya, tana cikin wasu ƙananan lambobi da ɗigo-ɗigo. Misali in ka ga 14-48 da ɗigo huɗu, 14 lambar mazubi ce, an yi mazubin a 1948, kowane ɗigo shekara ɗaya ce ta ƙarin aiki da shi, ke nan an zuba kofin a 1952.

Sai launi, wanda shi ke sace zuciya, shi kuma ya fi yaudara. Ba don ado ake rina yawancin kofuna ba. Rairayin da ake narkarwa a yi gilashi yana da ɗan ƙarfe a ciki, shi ke ba da koren nan mai haske kamar ruwan rijiya cikin farin bokiti. Idan masana'anta na son gilashi garau, sai ta zuba sinadarin manganis ya kashe koren. Amma manganis na da wata ɗabi'a: in ya sha rana shekara da shekaru, sai gilashin ya juya ya zama ruwan hoda mai duhu, irin launin furen tumfafiya. An rage amfani da shi a wajajen Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka koma wa sinadarin seleniyam, wanda shi kuma rana ke mai da shi launin kara. Don haka kofi mai launin furen tumfafiya yakan nuna tsufa. Shuɗi mai zurfi kamar baban rini daga kobalt yake. Saboda waɗannan launuka na tsada, wasu 'yan damfara a ƙasashen waje kan saka kofi mai arha cikin na'urar haske mai ƙarfi ya canza launi cikin sa'o'i, wasu kuma su shafa fenti su gasa. Launin gaske cikin naman gilashin yake, ya fi duhu inda ya yi kauri, ya yi haske inda ya yi siriri. Na shafe kuwa a fata yake tsayawa, kuma ƙarshen wuƙa na tona asirinsa.

Kumfar iska a cikin gilashi, da layin da ya nuna inda ɓangarorin mazubi suka haɗu, da ɗan karkacewa, ba aibu ba ne. Alamun aikin hannu ne da tsofaffin injuna. Kofin zamani sumul yake, kowanne kamar ɗan'uwansa.

Shi tangaran daga farin yumɓu ake yinsa, a haɗa da garin wasu duwatsu biyu, a gasa a wutar da ta haura digiri 1,200. Ƙyallin da ke kansa gilashi ne siriri, fari ko ruwan ƙasa. Duba gindinsa ko kansa, za ka ga wani wuri da ba ƙyalli, nan ne ya zauna a cikin tanda. Mai kyau idan ka ƙwanƙwasa shi da cokali ƙara yake kamar ƙararrawa, mai tsaga a ɓoye kuwa muryarsa a dushe take, kamar yadda mata ke gwada tukunya kafin su saya a kasuwar Mirya. In ya ɓalle a wani gefe, dubi naman: na ƙwarai a cure yake kamar dutse, na arha yana da gari-gari, kuma in ka ɗiga masa tawada sai ya shanye.

Manyan fayafayan da ke rataye jere a kan dogayen turakun ƙarfe, irin na layin da ke kawo wuta daga Katsina ta Gazawa mai ƙarfin kilobolt 132, wani iyali ne daban. Kowane faifai faɗinsa kusan santimita 25 ne, kuma ana iya ƙiyasta ƙarfin layi da ƙirga su: uku a layin kilobolt 33, tara ko goma a na 132. Gilashinsu an gasa shi ta yadda in ya samu matsala zai wargaje ƙanana-ƙanana kamar na tagar mota, ma'aikaci ya hango giɓin tun daga ƙasa. Ba tsofaffi ba ne, kuma suna da mai su. A nan dole in faɗi magana ɗaya ba kwana-kwana: ba a hawa poto, ba a taɓa wayar da ta faɗi, ba a cire komai daga layi ko da an ce ya mutu. Abin da ake tarawa shi ne wanda ya riga ya bar aiki ya faɗo hannun masu gwangwan, ko aka tono a gona, ko aka gada a gida.

To nawa ake sayensu? Ita ce tambayar da kowa ke yi mini. Masu tarawa a Amurka suna da tsarin lambobi da wani mai suna N. R. Woodward ya ƙirƙiro, ana ce masa CD, inda kowace siffar kofin gilashi ke da lambarta ko wane kamfani ya yi ta. Na tangaran kuma suna da lambobin U da M. Samfurin Hemingray-42, wanda shi ne CD 154, an yi shi miliyoyi, bai wuce dalar Amurka ɗaya ko biyu ba. Wasu 'yan ƙalilan, masu rami sumul ko launi mai wuyar samu, sun kai dubban daloli. Kofunan Faransa irin nawa na cikin masu arha, domin a ƙauyukan Faransa har yau suna nan birjik a jikin tsofaffin gidaje. Wanda ya shiga wannan harka a Damagaram don ya yi kuɗi zai sha rana a banza.

Darajarsu a wurinmu tana wani waje. Kundin Amurka zai gaya maka siffa da kamfani, amma ba zai gaya maka ko wannan kofi a hanyar Gure ya tsaya ko a ta Tanut ba, ko cikin Birni ne ko Zango. Wannan sani a bakin mutanenmu kaɗai yake, kuma yana tafiya tare da tsofaffin da ke da shi. ISOREX ɗin da aka san an tono shi a gonar da ke gefen tsohuwar hanyar Magarya ya zama hujja kan inda layi ya bi. Wanda ba a san inda ya fito ba ya koma abin ado kawai. Shi ya sa na koma wurin Alhaji washegari na tambaye shi wa ya kawo masa kayan. Ya ce wani mai amalanke ne daga yamma da gari. Ko wannan ɗan bayanin na rubuta shi. Yanzu kowane kofi da ya shigo hannuna ina ɗaura masa 'yar takarda da zare: ranar da na samu, wurin wa, a ina shi ya samo, me aka rubuta a jiki, tsawo da faɗi.

Wanki ma yana da ƙa'ida. Tsohon gilashi ba ya jure sauyin zafi na farat ɗaya. Kofin da ya wuni a rana aka tsoma shi cikin ruwan randa zai iya tsagewa nan take, haka ma in aka zuba masa ruwan zafi. A bar shi ya huce a inuwa, a jiƙa shi cikin ruwan sabulu kwana ɗaya ko biyu, a goge da tsohon buroshin haƙori. Ruwan lemun tsami na cire farin dattin da ya daskare. Ba a sa soson ƙarfe, ba a sa yashi. Ƙarfen da ke manne kuma a bar shi inda yake, shi ma shaida ne.

Wannan darasi na ƙarshe a makare na koye shi. Na wanke biyar tas, suna sheƙi, na ɗauke su da na shidan da ban kai ga wankewa ba, na kai wa wani dattijo a Garin Malam da ya yi aikin layin tarho tun yana saurayi. Bayan mun gaisa na jera su gabansa a kan tabarma. Ya ɗaga masu sheƙin ɗaya bayan ɗaya ya ajiye, bai ce komai ba. Da ya zo kan mai dattin sai ya gyara zama, ya sa farcen babban yatsa cikin tsagin wuyan, ya ce, "Ɗana, ka ga wannan ja-jan? Wayar ƙarfe ce ta kwana nan. Da ta tagulla ce, kore za ta bari."

Na ce, "Baba, bambancin me ke nan?"

Ya ce tsofaffin layukan tangarahu wayar ƙarfe ake ja musu don arha da ƙarfi, tarho mai nisa kuwa sai tagulla, in ba haka ba murya ba ta kaiwa. Ya juya kofin, ya nuna mini guntun wayar ɗauri da ya rage naɗe a kunne ɗaya, ya ƙirga naɗin da yatsa, ya ce hannun wanda aka koya wa aiki ne, ba na ɗan koyo ba. Sannan ya dubi biyar ɗin can ya tambaye ni ko su ma da wayarsu na same su. Na ce e, uku suna da ita, na warware na zubar.

Na shidan yana nan bisa kanta a ɗakina da ƙurarsa da tsatsarsa da gidan zanzaronsa. A takardar da ke wuyansa na ƙara layi ɗaya: wayar ƙarfe, naɗi biyar, kunnen hagu.